Tsibiran Chagos da Kwana 21 na Majalisar Birtaniya

   

Maganar da na zo da ita yau ta wasu 'yan tsibirai ce a tsakiyar Tekun Indiya, waɗanda da yawanmu ba mu taɓa ganinsu ko a taswira ba. Amma tambayar da suka tayar ta shafi duk ƙasar da ke da majalisa. Idan gwamnati za ta ba da wani yanki na ƙasa, ko za ta karɓa, ko za ta ba sojan wata ƙasa masauki, yaushe ya kamata wakilan jama'a su sa baki? Ni dai matsayina shi ne tun kafin a rattaba hannu. Labarin Chagos zan kafa hujja da shi.

Chagos tarin tsibirai ne kimanin 60, kudu da Maldives, kilomita wajen 2,000 daga Morishus. Mafi girmansu shi ne Diego Garcia. A ƙarshen ƙarni na 18 Faransawa suka kwaso bayi daga Madagaska da Mozambik domin noman kwakwa da tatsar manta. A 1814 Faransa ta sallama wa Birtaniya Morishus da tsibiran da ke ƙarƙashinta, har da Chagos. Jikokin bayin nan, da leburorin da suka biyo baya daga Indiya, suka zama al'umma guda, da harshensu na Kiriyol, da coci, da maƙabartar kakanni. A nan aka haife su, nan suka sani.

A farkon shekarun 1960 Amurka ta shiga neman tsibirin da za ta kafa sansani a Tekun Indiya, kuma tana son wanda babu kowa a kai. Ido ya faɗa kan Diego Garcia. A watan Satumba na 1965, lokacin da shugabannin Morishus suka je Landan neman 'yanci, Firayim Minista Harold Wilson ya keɓe da jagoransu, Seewoosagur Ramgoolam. Takardar da aka shirya wa Wilson kafin ganawar, wadda daga baya ta fito fili, ba ta ɓoye manufa ba: a nuna wa baƙon cewa 'yanci na iya samuwa, yana kuma iya kuɓucewa idan ya taurare a kan Chagos. Aka ba Morishus fam miliyan 3. Ranar 8 ga Nuwamba 1965 aka yanke tsibiran, aka mai da su sabon yankin mulkin mallaka.

To, da wace doka aka yanke su? Ba majalisa ce ta yi ta ba. A tsarin Birtaniya akwai wani tsohon iko na gadon sarauta da ministoci ke aiki da shi. Su rubuta doka, su kai fada, mai sarauta ya amince a zaman majalisar fada, shi ke nan ta zama doka, babu muhawara, babu ƙuri'a. Zan riƙa kiranta dokar fada. Ku riƙe ta, domin za ta sake fitowa.

Ranar 30 ga Disamba 1966 Birtaniya da Amurka suka yi musayar wasiƙu, aka ba Amurka tsibiran na shekara 50, da damar ƙarin 20. Tsarin mulkin Amurka ya ce yarjejeniya sai da amincewar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa, amma musayar wasiƙu ba ta bi ta wannan ƙofa. Ladan Birtaniya kuwa ragin dala miliyan 14 ne daga kuɗin makamai masu linzami na Polaris da take saya daga Amurka, kuma an yi shi a asirce, aka ɓoye wa majalisun ƙasashen biyu. Daga 1968 zuwa 1973 aka kwashe mutanen, su 1,500 zuwa 2,000. Wanda ya je Morishus neman magani, sai a ce masa babu jirgin komawa. Aka rage kayan abinci da ake kai musu. Aka tara karnukansu aka kashe da hayaƙi suna gani. Daga ƙarshe aka loda sauran a jirgin ruwan dakon kaya, aka sauke su a bakin tashar Port Louis da Seychelles, ba gida, ba aiki. A takardun gwamnati kuma aka riƙa kiransu leburorin kwantiragi masu wucewa, don kada Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi bayani a kan mazauna wurin. Sai a 1975, bayan jaridar Washington Post ta tona, Majalisar Dokokin Amurka ta zauna ta yi tambaya. A lokacin an gama komai.

Na daɗe a kan wannan tarihi ne don kada wani ya ɗauka rashin sa bakin majalisa ƙaramin lamari ne na ƙa'idar aiki. Ɓoyewar ita ce ta ba da damar zaluncin. Da an kawo batun gaban wakilai a 1965, ba zan rantse cewa za su hana ba, amma dole minista ya miƙe tsaye ya amsa tambaya ɗaya: akwai mutane a tsibiran ko babu?

Abin bai tsaya nan ba. A shekarar 2000 Olivier Bancoult, wanda aka raba da tsibirinsu yana ƙaramin yaro, ya yi nasara a Babbar Kotun Landan, aka ce dokar da ta hana su komawa haramtacciya ce. Gwamnati ta ce ta karɓi hukuncin. Shekara huɗu bayan haka, a watan Yuni na 2004, sai ta koma ga dokar fada ta sake toshe hanya, majalisa ba ta ji labari ba sai bayan 'yan kwanaki, a rubutacciyar sanarwa. Kotuna biyu suka soke wannan mataki, amma a 2008 kotun ƙoli ta lokacin ta ba gwamnati gaskiya, alƙalai uku a kan biyu. A wannan shekarar ce kuma Ministan Harkokin Waje David Miliband ya nemi afuwar majalisa, saboda ministoci sun sha tabbatar mata cewa Amurka ba ta taɓa bi da fursunonin sirri ta Diego Garcia ba, sai ga shi jirage biyu sun sha mai a can a 2002. Sansanin da jiragen yaƙi suka tashi daga cikinsa zuwa Iraƙi a 1991 da 2003, da Afghanistan a 2001, majalisar ƙasar da ke iƙirarin mallakarsa ba ta san abin da ke sauka a kai ba.

Morishus ta ɗauki hanyar kotu, Tarayyar Afirka na mara mata baya. Ranar 25 ga Fabrairu 2019 Kotun Duniya, ƙarƙashin alƙali Abdulqawi Yusuf ɗan Somaliya, ta ba da ra'ayinta da ƙuri'a 13 a kan 1: yanke Chagos ya saɓa wa doka, yardar da aka karɓa daga wanda ke ƙarƙashin mulkin mallaka ba yarda ba ce, Birtaniya ta fice da gaggawa. A watan Mayu Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya goyi bayan haka, ƙasashe 116 a kan 6. Birtaniya ta ce ai shawara ce, ba hukunci ba, kuma ta fuskar doka haka ne. Amma ƙasa ta fara zame mata. A 2021 kotun dokokin teku ta ɗauki Morishus a matsayin mai tsibiran, ƙungiyar gidajen waya ta duniya kuma ta daina karɓar kan sarkin da ake bugawa da sunan yankin. A Nuwamba 2022 gwamnatin jam'iyyar Conservative ta buɗe tattaunawa. Gwamnatin Leba ta Keir Starmer ta gaje ta, ta kammala.

Sanarwar cewa an daidaita ta fito ranar 3 ga Oktoba 2024, majalisa tana hutu. Da aka dawo, Kakakin Majalisar Wakilai, Lindsay Hoyle, ya yi wa gwamnati faɗa a bainar jama'a. Sai kuma zaɓen Morishus ya kawo Navin Ramgoolam, ɗan wancan da Wilson ya keɓe da shi, ya ce a sake duba sharuɗɗa. Watanni aka yi ana ciniki, 'yan majalisar Birtaniya na tambayar nawa za a biya, ministoci na cewa a jira. Wasu bayanan ma daga jawabin Ramgoolam a majalisar Port Louis suka fara jin su. Ranar 22 ga Mayu 2025 aka rattaba hannu, bayan da wasu mata biyu 'yan asalin Diego Garcia suka samo umarnin kotu cikin dare na a dakata, wani alƙalin ya janye shi kafin la'asar.

Ga abin da takardar ta ƙunsa. Mulkin dukkan tsibiran zai koma ga Morishus. Birtaniya za ta ci gaba da riƙe Diego Garcia na shekara 99, da damar ƙarin 40 idan ɓangarorin sun yarda. Za a kewaye tsibirin da tazarar mil 24 na teku, inda ba za a gina komai ba sai da yardar Birtaniya, kuma ba za a bar sojan wata ƙasa ya zauna a sauran tsibiran ba sai da amincewarta. Za a biya fam miliyan 165 a kowace shekara a ukun farko, sannan miliyan 120, daga baya a riƙa daidaitawa da hauhawar farashi. Akwai fam miliyan 45 duk shekara har shekara 25 na ayyukan raya Morishus, da asusun fam miliyan 40 na mutanen Chagos.

Yanzu mu zo ga majalisa. Wane iko take da shi a kan wannan takarda?

A Birtaniya ƙulla yarjejeniya aikin gwamnati ne, daga wancan iko na gadon sarauta. A 1924 wani ƙaramin minista, Arthur Ponsonby, ya yi alkawarin a riƙa ajiye kowace yarjejeniya a gaban majalisa kwana 21 kafin a tabbatar da ita. Al'ada ce kawai, sai a 2010 aka mai da ita doka. A cikin kwanakin zama 21, idan Majalisar Wakilai ta zartar da ƙudurin ƙin amincewa, sai gwamnati ta kawo bayani, a sake ƙirga wasu 21, kuma ana iya maimaita haka ba iyaka. Idan Majalisar Dattawa ce ta ƙi, wadda mambobinta naɗa su ake yi, gwamnati na iya rubuta dalilinta ta wuce. Idan kowa ya yi shiru, shirun ya zama amincewa.

A takarda abin ya yi kyau. Amma ku dubi ramukan da ke ciki. Majalisa ba ta ganin yarjejeniya sai an gama ta an sa hannu, ba ta iya canza ko harafi ɗaya. Dokar ba ta wajabta muhawara ba, ba ta wajabta ƙuri'a ba. Jadawalin Majalisar Wakilai kuwa a hannun gwamnati yake, ita ke cewa yau ga abin da za a tattauna. Shi ya sa tun 2010 Majalisar Wakilai ba ta taɓa tsayar da wata yarjejeniya ta wannan hanya ba. Dattawa sun gwada a Janairu 2024, a kan yarjejeniyar tura masu neman mafaka Ruwanda, suka ce a dakata, gwamnati ta ji ta ci gaba. A kan Chagos, kwana 21 suka cika a farkon Yuli 2025 ba tare da zaɓaɓɓun wakilai sun kaɗa ƙuri'a kan yarjejeniyar kanta ba. Majalisar da ke da haƙori ba a ba ta lokaci ba, wadda ta sami lokaci ba ta da haƙori.

Duk da haka zan yi wa dattawan adalci, sun yi aiki. Kwamitinsu na yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa, ƙarƙashin Lord Goldsmith, tsohon Antoni Janar, da kwamitin hulɗar waje da tsaro, sun kira masana doka da tsofaffin hafsoshi da jami'an diflomasiyya, sun yi tankaɗe da rairaya cikin 'yan makonni. Kwamitin Goldsmith ya ce yarjejeniyar ba cikakkiya ba ce, sulhu ne, amma ƙin tabbatar da ita na da nasa hatsarin, domin Morishus za ta koma kotu neman hukuncin da dole a bi. Ya kuma nuna cewa babu tabbacin komawar mutanen tsibiran. Ranar 30 ga Yuni aka yi muhawara, ƙudurin 'yan adawa na ƙin amincewa ya faɗi da ƙuri'a 205 a kan 185.

Batun kuɗi ya nuna amfanin bin diddigi da kuma iyakarsa. Gwamnati ta ce matsakaicin abin da za a biya fam miliyan 101 ne a shekara, jimla fam biliyan 3.4. 'Yan adawa suka ce kusan biliyan 35 ne. Duka biyun daga lissafi ɗaya suka fito. Idan ka tara tsabar kuɗin da za a miƙa shekara bayan shekara har 99, ka sami babban adadin. Idan ka cire hauhawar farashi, ka kuma rage darajar kuɗin da sai jikokin jikoki za su biya, kamar yadda baitulmalin Birtaniya ke yi wa dogayen ayyuka, ka sami ƙaramin. Babu wanda ya ƙirƙiri lamba, kowa ya ɗauki wadda ta yi masa daɗi ne. Abin da ya dame ni shi ne, babban adadin na ofishin ƙididdigar gwamnati bai fito ba sai a watan Agusta, ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai, bayan kwana 21 sun wuce. Wakilin da ba a nuna masa lambobin biyu tare ba, da me zai auna?

Dama ta biyu ta zo ta wajen ƙudurin dokar aiwatarwa, domin ba a iya sauke mulkin Birtaniya daga yanki sai an gyara dokokin cikin gida. Majalisar Wakilai, inda Leba ke da kujeru kimanin 400 cikin 650, ta wuce da shi a kakar 2025. Dattawa suka yi masa gyare-gyare a Janairu 2026, wakilai suka mayar musu. Amma ƙudurin aiwatarwa ba shi ne yarjejeniya ba. Kana iya jinkirta shi, ba ka iya buɗe abin da aka riga aka ƙulla da wata ƙasa.

Jama'a, wanda ya bi muhawarar nan zai ji an fi yawan ambaton abu biyu, kuɗi da ƙasar Sin. Tsoron kada Sin ta samu kafa kusa da sansanin ba wasa ba ne, kuma haƙƙin majalisa ne ta tambaya. Amma mutanen da aka kora fa? Yarjejeniyar ta ce Morishus na da 'yancin tsara komawarsu sauran tsibiran, ba ta ce dole ba. Diego Garcia kuwa an cire shi ɗungurungum, alhali nan ne mahaifar da yawa daga cikinsu, kuma ma'aikata farar hula daga wasu ƙasashe na kwana suna tashi a sansanin. Ba a ba su kujera a teburin ciniki ba. Su kansu ba bakinsu ɗaya ba: Bancoult da ƙungiyarsa a Morishus sun goyi bayan yarjejeniyar a matsayin ƙofar komawa gida, da yawa daga 'yan Chagos mazauna garin Crawley a Ingila kuma sun ƙi, suna cewa a tambaye su tukuna wa suke so ya mulke su. Kwamitin dattawa ya nemi jin ra'ayinsu ta intanet a ƙarshen 2025, wata shida bayan sa hannu. Niyya ce mai kyau, amma ihu ne bayan hari. Kuma na lura da yadda wasu 'yan siyasar da jam'iyyarsu ta yi shekara 14 a mulki, ta kuma yanke a 2016 cewa ba za a mayar da kowa ba, suka zama masu kare haƙƙin mutanen Chagos da zarar sun koma adawa. Wannan ya ba ni takaici ƙwarai, domin mutanen da aka zalunta sun cancanci a tsaya musu don kansu.

Kada a fahimce ni a karkace. Ina ganin mayar da tsibiran ga Morishus daidai ne, gyaran laifin 1965 ne, kuma Afirka ta yi gaskiya da ta tsaya a kai. Ana iya goyon bayan inda aka dosa, a kuma ƙi hanyar da aka bi.

Wa ke da ikon hanawa na gaskiya? A Fabrairu 2025 Ministan Harkokin Waje David Lammy ya faɗa ƙarara cewa idan Shugaba Trump bai so ba, yarjejeniyar ba za ta ci gaba ba. Trump ya nuna amincewa, aka sa hannu, gwamnatinsa ta yi maraba. A Janairu 2026 ya juya ya kira ta babbar wauta a shafinsa na intanet, cikin 'yan kwanaki gwamnatin Birtaniya ta ɗage zaman da aka shirya a Majalisar Dattawa kan ƙudurin, 'yan adawa kuma suka ɗauko wasiƙun 1966 suna cewa sai an gyara su da yardar Amurka. Abin da kwamitoci biyu da kwana 21 ba su iya ba, saƙo ɗaya daga Washington ya yi shi. Ba wakilan Birtaniya aka ba wannan iko ba, ba na Morishus ba, balle mutanen tsibiran.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. Kotun Duniya ta ba Kamaru Bakassi ranar 10 ga Oktoba 2002. Shugaba Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree ranar 12 ga Yuni 2006. Sai a Nuwamba 2007 Majalisar Dattawan Najeriya ta tashi ta ce ba a kawo mata ba, ta kafa hujja da sashe na 12 na tsarin mulkin 1999. An riga an janye soja, kuma ranar 14 ga Agusta 2008 aka kammala miƙawa. Hukuncin nan na Kotun Duniya ne ya mayar da Darak da ƙauyuka kimanin 30 na bakin Tafkin Chadi ga Kamaru a ƙarshen 2003, inda masunta Hausawa da yawa ke zaune. Bin hukuncin kotu ya fi yaƙi, ban da ja a kan haka. Amma sharuɗɗan zaman mutanen da iyaka ta tsallake su, da makomar waɗanda suka taso, abubuwa ne da ya kamata wakilansu su gani tun ana rubutawa. Sashe na 12 cewa ya yi yarjejeniya ba ta zama dokar cikin gida sai majalisa ta zartar, bai hana shugaban ƙasa ɗaure ƙasar a waje ba. Ramin da ke Landan shi ne a Abuja. A Nijar ma, lokacin da gwamnatin soja ta soke yarjejeniyar da ta ba Amurka zama, har da sansanin Agadas, a Maris 2024, hujjar da kakakinta ya bayar ita ce da wasiƙar diflomasiyya aka ƙulla ta a 2012, ba a tuntuɓi wakilan jama'a ba. Ko me mutum ke gani game da masu sokewar, abin da ba a kafa a gaban majalisa ba sanarwa ɗaya ta isa ta rushe shi.

Gana ta ɗan fi mu shiri a nan. Sashe na 75 na tsarin mulkinta ya ce yarjejeniyar da shugaban ƙasa ya sa wa hannu sai majalisa ta tabbatar, kuma a 2017 Kotun Ƙoli ta yi aiki da shi a kan fursunoni biyu da aka karɓo daga Guantanamo ba tare da majalisa ba. Ko wannan ma bayan sa hannu ne. Abin da nake so ɗalibanmu na doka da ke nan su ɗauka su yi aiki a kai shi ne gyaran da zai sa, a duk yarjejeniyar da ta taɓa iyakar ƙasa ko zaman sojan waje, gwamnati ta kawo wa majalisa manufofinta kafin ta zauna ciniki, ta riƙa yi wa kwamiti bayani ko da a zaman sirri ne, ta ajiye cikakken lissafin kuɗi tare da takardar, ƙuri'a kuma ta zama wajibi. Sannan a kira mutanen da ƙasar take tasu su yi magana da bakinsu tun takardar tana daftari.

A nan zan dakata, a buɗe fagen tambaya.